Yadda za ka zaɓi batirin sigarin lantarki da ba zai ƙone ka ba

Sana'ata gyaran kayan caji ce: fitilu, fankoki masu batir, fawa banki, da ƙananan kayan sola. A 'yan shekarun nan wani kaya ya ƙaru a kan teburina, wato sigarin lantarki, musamman manyan nan da ake buɗe murfinsu a saka batir. Samari ne ke kawo su, kuma ƙorafin bai cika wuce biyu ba: "Oga, ba ya riƙe caji," ko kuma "yana zafi a hannu." Galibi idan na buɗe sai in tarar na'urar lafiyarta ƙalau, batirin da ke ciki ne abin tashin hankali.

Ni ba na sha, ba kuma na ba kowa shawarar ya fara, don nikotin ɗin da ke cikin ruwan yana kama mutum ya hana shi sakat. Amma wanda ya riga ya mallaki abin nan, yana yawo da shi a aljihu manne da cinyarsa, yana kai shi bakinsa safe da yamma, ya kamata ya san abin da yake ɗauke da shi. Da shi nake magana.

Batirin da ke cikin waɗannan na'urori na lithiyam ne, dogo mai zagaye, kuma sunansa lamba ce. Wanda ya fi yawa shi ne 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Yayansa shi ne 21700, kauri 21, tsawo 70. Idan ya cika yana kan bolt 4.2, yawancin aikinsa yana yi ne a wajen 3.6 ko 3.7, kuma ba a so ya sauka ƙasa da 2.5. A cikin gwangwaninsa an naɗe faifai biyu masu siriri, da wata leda mai sirantaka sosai a tsakaninsu don kada su taɓa juna, duka a jiƙe cikin wani ruwa mai kamawa da wuta. Muddin ledar nan tana nan, lafiya. Idan zafi ya yi yawa ta narke, ko batirin ya loɓa ta huje, faifan biyu su haɗu, zafin ya riƙa haifar da wani zafin, cikin 'yan daƙiƙu ya kai ɗaruruwan digiri. Daga nan babu mai tsayar da shi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba don hannun mutum aka ƙera waɗannan batura ba. Samsung da LG da Murata suna yin su ne don kamfanoni su haɗa su cikin fakiti rufaffe mai na'urar kariya, irin na injin huda bango, da kwamfutar cinya, da keken lantarki. Batirin wayarka yana da ɗan allo da ke yanke wuta idan an samu matsala. Wannan ba shi da komai, tsirara yake. A watan Janairun 2021 hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta Amurka ta fito fili ta gargaɗi jama'a da su guji amfani da 18650 da ake sayarwa ɗaiɗai. Kafin nan, a 2017, hukumar kashe gobara ta ƙasar ta tattara rahotanni 195 na fashewa ko gobarar sigarin lantarki daga 2009 zuwa ƙarshen 2016. Mutum 133 suka ji rauni, kuma 61 daga cikin haɗurran a cikin aljihu suka faru. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya ƙiyasta cewa sama da mutum 2,000 aka kai sashen gaggawa na asibitocin Amurka da irin wannan ƙuna tsakanin 2015 da 2017. A Mayun 2018 wani mutum a jihar Florida ya rasu da na'urarsa ta fashe, haka wani matashi a Texas a farkon 2019. Idan aka kwatanta da yawan masu sha, adadin ba shi da yawa. Amma wanda abin ya faɗa wa, cinya ce, ko hannu, ko haƙora da fuska.

Lambar da ya kamata ka fara dubawa

Duk wanda ya zo sayen batir, tambayarsa ta farko ita ce "mAh nawa ne?" Masu jabu sun san haka, shi ya sa suke buga wannan lambar da manyan baƙaƙe. Amma ga sigarin lantarki akwai lambar da ta fi ta muhimmanci nesa ba kusa ba, wato amfiya nawa batirin zai iya bayarwa a jere ba tare da ya yi zafin da zai cutar da shi ba. A takardun kamfani da shafukan masu sayarwa za ka gan ta da haruffa CDR.

Ɗauki jarkar mai ruwa. mAh shi ne girman jarkar, amfiya kuwa faɗin bakinta. Fitilar hannu ɗigo-ɗigo take sha, kowace jarka ta ishe ta. Sigarin lantarki kuwa kwarara yake so, lokaci guda, duk sanda ka danna. Idan ka tilasta wa batir mai ƙaramin baki ya ba da abin da ya fi ƙarfinsa, zai bayar, amma da zafi zai biya.

Kuma abubuwan biyu ba sa haɗuwa a batir ɗaya yadda ake so. Wurin da ke cikin gwangwanin ƙayyadadde ne: idan aka ƙara ma'ajin caji, ƙarfin bayarwa ya ragu, idan aka ƙara ƙarfin bayarwa, ma'aji ya ragu. Panasonic NCR18650B batir ne na gaske mai kyau, 3,400 mAh, amma abin da zai iya bayarwa bai kai amfiya 10 ba. A fitila ba shi da na biyu, a sigarin lantarki haɗari ne. Saboda haka kyawun batir bai isa ba, sai ya dace da aikin.

Ga yadda za ka san amfiyar da kake buƙata. Idan na'urarka mai allo ce, wadda kake ƙara wat ko ka rage da maɓalli, duba wat mafi yawa da kake sha da shi. Raba shi da yawan baturan da ke ciki. Abin da ya fito, ka raba shi uku. Amsar ita ce amfiyar da batirinka ya kamata ya kai ko ya wuce.

Misali, batir ɗaya, wat 45: kana buƙatar amfiya 15. Wat 60: amfiya 20. Wat 75: amfiya 25. Idan na'urar mai batir biyu ce kana sha a wat 120, kowane batir yana ɗaukar 60, wato amfiya 20 kowanne. Dalilin raba uku shi ne, na'urar tana ci gaba da ba ka wat ɗin da ka nema ko da cajin ya yi ƙasa, kuma yayin da bolt ke sauka zuwa wajen 3.2 sai ta ƙara jan amfiya don ta cike giɓin, ga kuma ɗan abin da allon kansa ke ci. Ke nan a irin wannan na'ura, lokacin da batir ya fi shan wahala shi ne sanda ya kusa ƙarewa. Shi ya sa nake ce wa yara idan alamar caji ta koma sanda ɗaya a canza, kada a tsaya sai an tatse shi.

Na sha ganin na'ura mai batir 18650 guda ɗaya da aka rubuta mata wat 100 a kwali. Kar wannan ya ruɗe ka. Allon zai iya nuna 100, amma lissafinmu ya ce amfiya 33 ke nan, kuma yawancin 18650 da za ka samu ba za su ɗauka cikin kwanciyar hankali ba. Ka tsaya a inda batirinka ya tsaya.

Akwai wata na'urar daban, marar allo marar ƙwaƙwalwa, bututun ƙarfe ne kawai da maɓalli, ana ce mata mekanikal. A nan babu abin da ke tsakanin batir da koyil, wato naɗin wayar da ke zafafa ruwan ya zama tururi. Lissafinta shi ne ka raba 4.2 da om ɗin koyil ɗinka, wato ma'aunin yadda yake tare wuta: koyil mai om 0.2 zai ja amfiya 21, mai 0.15 zai ja 28. Bambancin da ido ba zai gani ba a naɗin waya ya ƙara amfiya 7. Idan koyil ya taɓa murfi, ko maɓalli ya danne a aljihu, babu mai yanke wuta. Mutuwar nan ta Florida da irin wannan na'ura ta faru. Ra'ayina a kanta a fili yake: idan ba ka da mitar auna om, ba ka kuma iya wannan lissafin da ka ba, kada ka riƙe ta ko kyauta aka ba ka.

Sunayen da za ka nema

Kamfanonin da ke ƙera batura masu ƙarfin bayarwa da aka daɗe da amincewa da su ba su da yawa: Samsung da LG na Koriya ta Kudu, Murata na Japan wanda ya sayi sashen batir na Sony a 2017, shi ya sa har yanzu wasu ke cewa Sony VTC, da Molicel na Taiwan. A girman 18650, Samsung 25R yana da 2,500 mAh da amfiya 20. Samsung 30Q, 3,000 mAh da amfiya 15. LG HG2, mai launin cakulan, 3,000 mAh da amfiya 20. Murata VTC6, 3,000 mAh da amfiya 15, shi kuwa VTC5A wajen 2,600 mAh ne, ana lissafa shi a amfiya 25. Molicel P26A da P28A kamfanin ya rubuta musu 35, amma ni a 25 nake ajiye su don in bar sarari. Idan na'urarka tana karɓar 21700, akwai Samsung 30T mai 3,000 mAh da amfiya 35, da Samsung 40T mai 4,000 mAh, da Molicel P42A mai 4,200 mAh wanda aka rubuta wa 45, ni kuma nake lissafa shi a 30.

Ga wanda ke sha ƙasa da wat 45 a batir ɗaya, 30Q ko VTC6 sun wadatar, za su kuma kai shi yini. Daga 45 zuwa 60, 25R ko HG2. Sama da haka, Molicel ko VTC5A, ko ya koma na'ura mai batir biyu, wadda ita na fi so don nauyin yana rabuwa.

Sai kamfanonin da ba sa ƙera komai, suna sayen batura daga wasu masana'antu su sa musu sabuwar riga mai sheƙi da sunansu. Ba dukansu ne maha'inta ba, amma da yawa suna rubuta amfiyar da batirin zai iya bayarwa na ƙiftawar ido kawai, su bar ka kana zaton ta dindindin ce. Kuma abin da ke ƙarƙashin rigar yana iya canzawa daga wannan wata zuwa wancan. Idan ka ga 18650 an rubuta masa 3,500 mAh da amfiya 40, ba gaskiya ba ne. Akwai wani Ba'amurke da masu harkar suka sani da laƙabin Mooch, wanda ya shafe shekaru yana gwada batura yana fitar da ainihin ƙarfinsu a intanet. Kafin ka sayi sunan da ba ka sani ba, nemi jadawalinsa ka duba.

Ka nemi mai shafaffen kai, don shi yawancin na'urorin ke karɓa. Masu ɗan tsini a kai da allon kariya a gindi na fitila ne, sun fi tsawo, kuma allon nasu yana yanke wuta tun kafin a kai amfiyar da sigarin ke buƙata.

Jabu da kwance

A nan ne matsalarmu ta fi yawa. Yawancin 18650 da ke kan tebura a kasuwanninmu iri biyu ne, kuma duka biyun ba su dace da wannan aiki ba.

Na farko su ne masu rubutun 6,800 ko 8,800 ko 9,900 mAh, yawanci ja ko shuɗi ko ruwan ɗorawa, da araha kamar a ba ka kyauta. Na gaske a wannan girman yawanci ba ya wuce 3,500, 'yan kaɗan ne sababbi suka kusanci 4,000. Duk abin da ya kai 5,000 ƙarya ce tsagwaronta. Ɗauki ɗaya a tafin hannunka, ka ɗauki na gaske a ɗaya hannun, nan take za ka ji. Na gaske yana wajen giram 45, na 21700 kusan giram 70. Waɗannan kuwa wasu ko giram 30 ba sa kaiwa. Na taɓa yanka irinsu a shago don in nuna wa yarana: ɗan naɗi ne ƙarami a tsakiya, sauran wurin fanko. Idan kana da wanda ka sani a layin masu zinare, roƙe shi ya ɗora maka a ma'auninsa. Sai dai nauyi yana kama ƙaramin ɓarawo ne kawai, wanda ya ƙware yana iya sa wa batir mai arha amma cikakken nauyi rigar HG2 ko 25R, kuma waɗannan biyun suna cikin waɗanda aka fi kwaikwaya.

Na biyu su ne na kwance, waɗanda aka fasa tsofaffin baturan kwamfutar cinya aka ciro. Su kam na kamfani ne na gaske, za ka ga Samsung ko LG ko Sanyo a jiki, shi ya sa suke yaudarar mutane. Ni ma ina aiki da su a fitilu da fankoki bayan na gwada su, don can ba a matsa musu. Amma an yi su ne don su ba da amfiya kaɗan, ga shi sun riga sun tsufa. Duba wannan: Samsung 26F na kwamfuta ruwan hoda ne, 30Q ma ruwan hoda ne. A ido kamar tagwaye. Na farkon amfiya 5 da ɗoriya yake bayarwa, na biyun 15. Saboda haka launi ba shaida ba ne, karanta rubutun. Wanda ya fara da ICR ka bar shi, na Samsung da LG da Molicel masu ƙarfi da INR suke farawa. Sannan ka juya kai da gindi a cikin haske. Batirin kwance yana da tabon walda, ɗigo biyu ko huɗu, wani lokaci da guntun farin ƙarfe a manne, ko alamar an goge wurin da fayil. Sabo fes yake, sumul.

Game da inda za ka saya, ba ni da sunan shago da zan ba ka, amma ina da ma'auni. Mai sayarwa na kirki ya san sunan kowane batir da amfiyarsa ba tare da ya duba kwali ba, yana ba ka shi a cikin ɗan akwatin roba, kuma ba ya jin haushi idan ka ce za ka auna. Wanda ya zubo su a leda ɗaya suna gogar juna, ya ce maka "duk ɗaya ne," ka yi masa sallama. Idan farashi ya yi ƙasa da na kowa sosai, akwai dalili. Wanda zai iya, ya sayi caja mai gwada ma'aji, irin wasu na XTAR ko Nitecore. Sabon batir mai 3,000 ya kamata ya nuna abin da ya kusa haka. Idan ya nuna 1,200, ka san abin da aka sayar maka.

Rigar batir

Zan daɗe a nan kaɗan, don wannan ne abin da na fi gani kuma aka fi rainawa. Ledar da aka naɗe batir da ita ba ado ba ce. Gwangwanin gaba ɗayansa, daga gindi har zuwa leɓen sama, ɓangaren nagetif ne. Ɗan faifan tsakiyar kai kawai ne fozitif. Tsakaninsu a wajen kai bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, kuma abin da ya raba su shi ne wani ɗan zobe na takarda ko roba, da ledar da ta riƙe shi. Idan ledar ta yage a kafaɗa, ko zoben ya faɗi, duk wani ƙarfe da ya gitta wurin ya haɗa wuta kai tsaye. Ko ƙarfen cikin na'urar kansa yana iya yi yayin da kake tura batirin.

Duk sanda za ka saka a caja, juya shi a hannu ka duba, musamman kafaɗa da gindi inda sifirin ke cizo. Ko yagewar ta kai ƙwayar gero, ajiye shi. Kar ka liƙe da salatif ka ci gaba, don yana zamewa da zafi, yana kuma ƙara kaurin da zai sa batir ya maƙale a ciki. Akwai rigunan da ake sayarwa daidai girman 18650 da 21700, masu arha ƙwarai. A cire tsohuwar da farce, ba da reza ko wuƙa ba, a mayar da zoben a kai, a zura sabuwar a bar ɗan ragi sama da ƙasa, a busa mata iska mai zafi da na'urar busar gashi har ta kama. Ba da ashana ko laita ba. Duk mai gyaran waya da ke da injin iska mai zafi zai yi maka cikin minti biyu, ya dai rage zafin. Amma idan ƙarfen ne ya loɓa, ko ya yi tsatsa, ko kan ya nutse, ko kana jin wani wari mai zaƙi-zaƙi, sabuwar riga ba za ta yi magani ba. Ya gama aiki.

Batirin ajiya kuwa ba ya shiga aljihu ko jaka sai a cikin akwatinsa na roba. Makullin babur, abin yanke farce, zobe, takardar azurfa ta cingam, kowanne ya isa. A Najeriya tsabar kuɗi ta ɓace daga aljihu, amma 'yan'uwa na Maraɗi da Damagaram da Garwa da Kumasi, ku da kuke yawo da tsaba kullum, ku fi kowa kiyayewa. Na'urar ita ma a kashe ta kafin ta shiga aljihu, yawancinsu danna maɓalli sau biyar ne.

Caji da zafi

Na san yadda muke. Wuta ba ta zuwa sai tsakar dare, mutum ya jona komai ya koma barci. Da wannan batirin kar ka yi haka. Yi cajinsa kana farke, a kan siminti ko tayil, nesa da katifa da labule da jarkar fetur ɗin janareta, ka cire idan ya cika. Cajar waje mai kyau wadda ke tsayawa a 4.2 ta fi cajin cikin na'ura, musamman ga mai batir biyu, kuma amfiya ɗaya ta isa, saurin caji yana rage masa kwana. Cajar nan marar suna da ake haɗowa da fitila, mai ɗan jan haske da kore, na auna wasu na ga suna wucewa 4.2, kuma cika fiye da ƙima na cikin abubuwan da ke tayar da batir. Idan ta USB za ka yi, yi amfani da wayar da ta zo da na'urar da kan caja na kirki. Kada ka kai wa mai cajin waya na bakin titi ya cusa shi cikin tarin wayoyi a rana.

Zafin ƙasarmu kansa abokin gaba ne. Takardun kamfanoni yawanci sun ƙayyade caji daga digiri 0 zuwa wajen 45, mu kuwa a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri inuwa ma tana wuce 40. Mota da aka rufe a rana tana iya haura 60 a ciki. Kar ka bar na'ura a gaban mota, ko ƙarƙashin kujerar babur, ko a taga. Idan ka gama sha batirin yana da ɗumi, bar shi ya huce kafin caji. Ɗumi kaɗan ba komai, amma idan ya kai ba ka iya riƙe shi a tafin hannu, ko dai ya yi wa aikin ƙanƙanta, ko jabu ne, ko ya tsufa.

Mai na'urar batir biyu ya sayi biyun rana ɗaya, iri ɗaya, ya sa musu alama da maka, su yi aiki tare, a yi cajinsu tare. Idan aka haɗa tsoho da sabo, tsohon zai riga ƙarewa, sabon ya ci gaba da jan sa ƙasa. Ka kuma duba alamar ƙari da ragi a cikin na'urar kafin ka saka, don a yawancinsu ɗaya kai sama ne ɗaya kai ƙasa.

Batirin da ake caji kullum, bayan shekara ɗaya ko ɗaya da rabi za ka ga ya fara gajiya: caji ba ya kai inda yake kaiwa, yana ɗumi fiye da da. Sauke shi daga wannan aikin. Wanda aka manta a durowa har ya sauka ƙasa da bolt 2, kar ka yarda wani ya ce zai "tayar" maka da shi ta hanyar haɗa shi da wani batir. Yana iya tashi ya nuna 4.2, amma cikinsa ya riga ya lalace, kuma irinsu ne ke kamawa a caja. Idan za ka daɗe ba ka yi amfani da batir ba, bar shi a rabin caji, wajen 3.6 ko 3.7. Mai tafiya a jirgin sama ya sani, na'urar da baturanta a jakar hannu ake riƙe su, ba a kayan da ake aunawa ba, kuma ba a caji a cikin jirgi.

Idan ranar tsautsayi ta zo, ka ji na'ura ta yi zafi farat ɗaya, ko tana huci, ko hayaƙi mai wari yana fita, kar ka tsaya buɗewa. Jefa ta ƙasa a fili, kan yashi ko siminti, kowa ya ja baya, kar a shaƙi hayaƙin. Ruwa mai yawa yana taimakawa wajen sanyaya ta da kashe abin da ya kama a kusa, kuma a bar ta a waje, don tana iya sake tashi. Wanda ya ƙone, a cire tufafin da bai manne da fata ba, a zuba ruwa mai sanyi yana gudana a wurin kamar minti 20, a wuce asibiti. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da baƙin mai. A faɗa wa likita batir ne, don ƙunar tana iya haɗawa da ta sinadari.

Masu ƙananan na'urori da batirinsu ke rufe a ciki, ba ku da zaɓin batir, amma maganar caji da zafi ta shafe ku. Idan jikin na'urar ya kumbura ko ya fara buɗewa a gefe, ta gama. Masu sha-ka-yar ma akwai batirin lithiyam a cikinsu, kuma na ga yara suna fasa su suna jona waya don su ƙara caji. A hana su. A Birtaniya an haramta sayar da irin waɗannan tun 1 ga Yunin 2025, kuma sharar da suke tarawa na cikin dalilan.

Mataccen batir ba ya shiga bola. Sharar unguwanninmu ƙona ta ake yi, yara da almajirai suna tsaye a gefe, masu tsintar gwangwan suna tonawa da hannu. Liƙe kansa da gindinsa da baƙin salatif na masu wayarin, saka shi a gwangwanin da ke da yashi, ajiye inda yara ba sa kaiwa kuma rana ba ta duka, sannan ka miƙa wa mai gyaran sola ko kwamfuta da ka san yana tara su. Ka faɗa masa daga sigarin lantarki ya fito kuma ya mutu, don kada ya sa masa sabuwar riga ya koma kan tebur.